Tatsuniya da Rana Tsaka a Hanyar Tcholliré

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da na yi tatsuniya da rana tsaka ba.

Zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne. Ina Garoua aka aiko daga Tcholliré cewa jikin mahaifiyata ya tsananta, sunana take ta kira. Na zari mayafi sai tasha. Ga motoci jere, babu mai jan su. Kakar auduga ce, direbobi sun watse sun koma manyan motocin dako, don can ake biyansu abin kirki. In zauna, in tashi, in leƙa hanya, in dawo.

Can sai ga mota daga Ngaoundéré. Direban ya sauko idonsa jawur, bai ko runtsa ba. Mai motar ya ce ya juya da mu.

Direban ya ce, "Alhaji, na juya, albashina bai juya ba?"

"Tafi ka dawo, mu yi magana."

Na riƙe gefen rigar direban, na ce, "Ɗana, uwata ce a kwance." Ya dube ni, ya shiga.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara karkata, kansa yana sunkuyawa. Mata suka sa salati. Wani mai goro ya ba shi ya tauna, a banza. Sai direban ya kira ni Dada, wato uwa, ya ce, "Yi mini magana, ko mece ce, kada ki yi shiru."

Ni da ban yi boko ba, me na sani in ba tatsuniya ba? Mu kuwa tun muna yara an gargaɗe mu, mai yin ta da rana ɓata yake yi. Duk da haka na matso bayan kujerarsa, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke! So kike mu ɓata?"

Mai goro ya ce, "Hajiya, gara ɓata da rami. Ta zo mu ji ta!"

Na kama tatsuniyar kura da ɗan akuya. In na ga kansa ya yi ƙasa, sai in tsaya cak, in ce wa direban, "Shofer, me kura ta ce?" Dole ya amsa. Haka muka tafi har muryata ta dishe.

Na tarar da mahaifiyata da sauran numfashi. Ta riƙe hannuna, ta gane ni.

Direban kuwa, da na fito neman sa in yi godiya, har an ɗora masa wasu fasinjoji ya juya.

Tun daga ranar ba na duban kyan mota. Idon direba nake duba, in tambaye shi ko ya yi barci, ko an ba shi hakkinsa, don ran duk wanda ke ciki yana hannun mutumin nan.