Gangar da Nababa Ya Sassaƙa wa Rediyo

Duk wanda ya yi wayo a Birnin Gwari zamanin Turawa ya san Nababa masassaƙi. Shi ba makaɗi ba ne, amma kusan duk gangar da aka kaɗa daga Gayam zuwa Kuyello daga hannunsa ta fito. Yakan shiga daji da gatari ya yini yana ƙwanƙwasa itatuwa yana kasa kunne, kamar mai sallama a ƙofar gida. Ga baƙar magana! In ka ce masa gangarka ta lalace, sai ya ce, "Ganga lafiyarta lau, hannunka ne ba lafiya."

Mutum ɗaya yake shakka a duniya, yayarsa Huraira, wadda ta dawo gidansa bayan rasuwar mijinta. Ɗanta ɗaya tal, Salmanu, ga shi ɗan fari, ita kuwa mai tsananin kunyar ɗan fari ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". Ya shiga soja shekara biyar ke nan, ko sau ɗaya ba ta tambayi labarinsa ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ta rame, ga wani tari da ya kama ta tun farkon damina ya ƙi sakinta.

Wata Litinin wasiƙar Salmanu ta iso. Ranar Juma'a bayan la'asar za a bar sojoji su gai da gida a rediyon Kaduna, yana cikinsu, daga nan za a wuce da su Ikko, ba a faɗi ranar dawowa ba. Da Nababa ya gaya mata, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To, ni ina ruwana? Wake zan tsince ranar nan."

Rediyo ɗaya ne a unguwar, na Malam Mailafiya malamin asibiti, wanda zaurensa ke jingine da dangar gidan Nababa. Ba ya ɗaukuwa, don wayarsa a kan rimi take ɗaure. Huraira kuwa ko za a yanka ta ba za ta je ƙofar zauren maza sauraron ɗan fari ba. Dole sai dai murya ta tsallaka danga ta same ta. Ga shi kyankyasai sun ci takardar lasifikar, magana na fita kamar ƙuda a cikin gora, sai ka manna kunne kake tsintar kalma.

Nababa ya ce, "Malam, ba ni bakin abin nan in gyara."

Mailafiya ya ce, "Karambanin akuya! Kayan Bature ne fa, ba kalangu ba. In ka kashe shi, ko ƙudan nan ma mun rasa."

"Abin da ke rawa ya yi ƙara ai ganga ne, Malam, ko wa ya ƙera shi."

Sai ranar Laraba sannan Mailafiya ya yarda, shi ma don ya ji tarin Huraira ta bayan danga. Nababa ya kwance lasifikar, ya bar mata wayoyinta biyu. Ya ɗauko wani kwangon ganga na icen alilliba da ya ɓoye shekara uku yana jiran makaɗin da ya isa, ya fafe bakinsa daidai lasifikar, ya zaunar da ita a ciki. Ya liƙe ramukan takardar da fatar ɗan akuya da ƙaro. Aka kunna. Wayyo! Murya ta koma kamar ta wanda ya faɗa rijiya. Mailafiya ya dafe kai yana salati.

Nababa ya sake duba aikinsa. Fatar ta yi nauyi. Ranar Alhamis ya zauna ya ɓamɓare ta a hankali da bakin aska, yana tsoron kada sauran takardar ta bi ta. Ya kankare wata fatar har ta zama tantani, kana hango yatsanka ta ciki, ya sake liƙewa. Da yamma aka gwada, murya ta fito tangaram, har mata masu daka suka tsaya.

Kashegari ana saukowa daga masallacin Juma'a hadari ya haɗo. Aka sheƙa ruwa har la'asar. Da ya ɗauke, maza suka cika zauren, aka kunna, sai ga buuu, buuu. Sanyi ya saki tantanin. A cikin gunjin nan Mailafiya ya tsinci cewa an fara kiran sojoji ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Nababa, ka kashe mu!"

Nababa ya leƙa ta kafar danga. Huraira na zaune a gindin dangar kan tabarma mai laima, faifan wake a cinya, hannunta ba ya motsi. Tausayinta ya kama shi har ya ji haushin kansa. Ya ruga madafa ya kwaso garwashi a kasko.

Mailafiya ya tare shi. "Wuta? Takarda ce fa!"

"Matsa, Malam. Haka ake yi wa ganga in ta sha sanyi."

Ya kara bakin kwangon a kan kaskon, ya sa bayan hannunsa tsakaninsu don ya ji zafin kafin takardar ta ji. Soja na huɗu ya wuce. Na biyar ya wuce. Gashin hannunsa ya fara ƙauri, bai janye ba. Gunjin ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, kalmomi suka fara rabuwa da juna. Ya juya bakin gangar ya saita shi da danga.

"Ni ne Salmanu, daga Birnin Gwari. Ina gai da Kawu Nababa. Ina gai da Innata. Inna, ina lafiya, kada ki sa damuwa a ranki. Ki yafe mini."

Muryar ta cika zauren ta tsallaka danga, sai ka ce yaron na tsaye a tsakar gida. Sai aka ji faifai ya faɗi, wake ya watse.

"Na yafe maka, Salmanu. Salmanu!"

A zauren, dattawa suka sunkuyar da kai, kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa. Nababa, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya dubi hannunsa da ya tashi bororo, ya ce da ƙarfi yadda za a ji a bayan danga, "Kai, rediyon nan da ƙara yake. Ni ban ji komai ba sai shi."

Huraira ba ta ga kakar shekarar ba, tarin nan ya tafi da ita. Kwangon alillibar nan ya zauna a zauren Mailafiya har Turawa suka tafi, makaɗa uku sun zo neman a ba su shi, Nababa ya ce an riga an kaɗa shi.