Tambayar da Malam Sani ya kasa yi wa likita

"Tambaye shi ko zan iya hawa keke bayan aikin."

Tambaya ta biyar ke nan Malam Sani, fomanmu a wata masaƙa a Sharada, yake sa ni in fassara wa likita Ba'indiye. Farkon shekarun tamanin ne, na fito jami'a ke nan, ni ce mai Turancin ofis.

Furostet ɗinsa, ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kumbura har fitsari ya ƙi fita, amma ya ƙi sa hannu a yi aiki. Abokansa na masaƙa sun tabbatar masa duk wanda aka yi wa ya gama zama namiji. Wannan kuwa ba zai faɗa a gabana ba, sa'ar 'yarsa.

Matarsa, Inna Ladi, ta gyara mayafi. "'Yar nan, bar zancen keke. Tambaye shi maganar ɗaki."

Likita ya ce yawanci ƙarfin yana nan, sai dai maniyyi kan koma mafitsara, haihuwa ta yi wuya.

"Bayan 'ya'ya tara?" in ji ta. "Malam, karɓi biro."

Jiya na haɗu da autarsu a Dorayi, tun jiyan nake dariya. Ta ce Baba ya daɗe lafiya, kuma babu wanda ya ƙwace mata matsayin auta.

A gidanku, wa ke yin tambayar da kowa ke jin kunya?