Suwaiba Mai Roƙon Tsari

Da hantsi, lokacin da mata ke wanke surfe, Malama Suwaiba takan ɗauki bokitinta ta bi gidajen unguwar majema, a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Tsari take roƙo, ruwan wankin hatsin nan da ake ba awaki. Wasu su zuba mata, wasu su ce akuya ta riga ta. Daga nan sai ta gangara bayan gari ita kaɗai, inda wari ke korar kowa, ta juye shi cikin wasu ramukan siminti.

Da can da bagaruwa ake jima a unguwar. Sai wani gari da ake ce wa kurom ya shigo daga ƙetaren iyaka, yana jeme fata nan da nan, majema suka rungume shi. Ruwan da suke zubarwa ya taru a kududdufi, ya tsuma ƙasa har ya kai rijiyar unguwa. Hannayen mata suka fara gyambo, awaki na ɓari. Suwaiba, wadda ta yi aikin awon jini da ruwa a likitar Ƙonni, wato asibiti, har ta ajiye aiki, ta ɗiga maganin gwaji a ruwan, ya koma ja. Hukuma ta garƙame rijiyar, ta ce in bai gyaru ba cike ta za a yi. Rijiyar kakanni ce, babu wata sai an tsallake kwalta an yi tafiya.

Ita ta gano cewa a cikin laka mai gubar nan akwai ƙwayoyin bakteriya da kurom ba ya kashewa. Juya shi suke yi, ya kwanta ƙasa kamar gasara, a kwashe a binne. Ta shiga kiwonsu a ramukan simintin, inda ta karkatar da ruwan jima don su tace shi, abincinsu kuwa tsari.

Maƙwabciyarta Delu ta taɓa tare ta. "Malama, mutane na kiwon tumaki, ke kina kiwon abin da ido bai gani?"

"Su ma bayin Allah na, Delu," in ji ta, "kuma yunwa suka ji."

Aka yi dariya, aka kuma ja baya da ita. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta na Yamai. In ta je suna, sai ka ga ana jan tabarma a hankali saboda warin jima da ya kama zanenta. Ta lura, sai ta daina zuwa. Abin yana cin ranta, don Suwaiba mai son hira ce.

Ana nan sai Munkaila, sarkin majema, ya tashi aurar da ɗansa, baƙi za su zo daga Illela. Tun shekarar kwalara kowa ya haddace cewa jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ke tsabtace ruwa. Ranar da Suwaiba ta tafi Ƙonni awon ido, ya sa aka tuttula jabel a ramukan don kada wari ya dami baƙi, da zuciya ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido. Ta dawo ta tarar babu wari, babu kumfa, ruwan ya yi shiru.

"Mun wanke miki su tas, Malama," in ji Munkaila, yana jiran godiya.

Ta daɗe tana kallon ramukan. "Allah shi saka da niyya," ta ce, "amma kun kashe mini su."

Ana ta kiɗan biki a unguwa, ita tana zaune bakin siminti tana kuka, ba wanda ya leƙo. Washegari aka gan ta cikin laka har gwiwa da ludayi, tana ɗibar sabon iri. Kunyar wannan ce ta mayar da Munkaila ga bagaruwa, sauran majema suka bi shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, har ranar da maganin gwaji ya sauka a ruwan rijiya bai canza ba. Hukuma ta sake aunawa, ta cire kwaɗon rijiyar. Mata suka yi cirko-cirko da guga, kowa na tsoro. Suwaiba ta ja, ta yi bismilla ta sha, sannan suka matso. Har ta ɗauki bokitinta ta wuce, ba wadda ta waiwaye ta.

Malama, ke ce kika sha wari domin wasu su sha ruwa. Ke ce aka janye wa tabarma, ba ki janye hannunki ba. Uwar marasa baki, mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna.

Yanzu idonta ya yi rauni, 'yarta na shirin ɗauke ta zuwa Yamai. Gubar kuwa ba ta gama fita daga ƙasa ba, in aka bar ramukan da yunwa rijiyar za ta koma gidan jiya. Jama'ar unguwa, ba wani abu mai wuya ta bar muku ba. In an wanke surfe gobe, a raba tsarin biyu, akuya ta sha rabi. Sauran kuma a kai mata da ƙafa tun tana nan, a zauna a yi mata hira.