Dabinon Cocin Yaya Bitrus

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bitrus, kuma duk faɗin Madina ba ni da wanda zan gaya wa ya ce mini "Allah sarki." In na ambaci sunansa a gidanmu na unguwar Bani Harisa, jikokina da Larabci suke tambayata wane ne shi. Shi ya sa na kawo maganar jarida.

Mahaifinmu yana cikin ma'aikatan jirgin ƙasa da suka gina ɗan ƙaramin cocin Methodist na garinmu da jar ƙasa. Ƙararrawarsa ma guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a bishiya. Ni na musulunta, na yi aure, miji ya taho da ni nan. Yaya Bitrus ya zauna. Shi ne mai shara, shi ne mai buga ƙarfe, shi ne mai jan waƙa, da muryar da ko ni ƙanwarsa ba zan yaba ba. Bai taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, dabinon Madina.

Duk shekara nakan ba alhazan garinmu kwali guda su kai masa, ya raba a bakin ƙofa bayan sujadar Lahadi. Tsofaffin mata su ci, su tofar da ƙwallayen a bayan taga, shi kuwa yana ta faɗa. Da dabinon nan na riƙa sanin halin da cocin ke ciki. Da jirgi ya daina tsayawa, ma'aikata suka watse, sai ya ce mini a waya, "Talatu, ki rage, mun ragu." Da samari suka koma manyan majami'un birni masu kiɗa da lasifika, ya ce rabin kwali ya isa. Shekarar ƙarshe cewa ya yi, "Cikin tafi ɗaya ma ya ishe mu." Na yi masa dariya, na kashe wayar na yi ta kuka.

Tun da ya rasu nake tsoron kada in mutu sunansa ya bi ni, don ban san wani mai tuna shi ba.

Da azumin bara Lami, 'yar maƙwabtanmu na can, ta zo Umara. Ta ce cocin a kulle yake, rufin yana yoyo, awaki ke kwana a barandarsa. Da Yaya Bitrus zai gani, na san tsintsiya zai fara nema kafin ya tambayi ina mutane.

"Amma Gwaggo," in ji ta, "dabinan nan na bayan taga sun yi tsawo, ɗaya har ta fara 'ya'ya. Dabinon Baba Bitrus yara ke ce musu."

Abin da ya sha yin faɗa a kansa, shi ne yau ya riƙe masa suna. Na ce wa Lami in Allah ya sake kawo ta, ta zo mini da cikin tafi ɗaya. Ta kwashe da dariya, wai wa ya taɓa kawo dabino Madina?

Na ce ita dai ta kawo.