Ranar da Muka Ɓoye Kasuwarmu

Har yau in na tuna, sai na riƙe baki. Unguwa guda, da dattawanta da malamanta, muka taru da kiɗa da murna muka yi wa kanmu abin da ko maƙiyi sai ya yi tunani kafin ya yi mana.

'Yar kasuwa ce a gefen Fagge, wajen da hanya ke miƙewa zuwa Sabon Gari. Kasuwar lambu kawai ake ce mata, don masu lambun bakin rafin Jakara ne ke cin ta. Ana sallame asuba za ka ji jakuna sun iso da mangala cike da alayyafo da yakuwa da gauta da albasa mai lawashi, ganyen da sauran raɓa a jiki. Kafin rana ta take an watse. Matan Sabon Gari, Yarbawa da Ibo, su ne manyan masu saye. Sukan zo da kwanduna a ka, da Hausar da ta ishe su ciniki da faɗa. Ni a lokacin tela ne, ban daɗe da aure ba, keken ɗinkina yana ƙarƙashin wata rumfa a bakin kasuwar.

Wadda kasuwar ta zame wa rai kuwa ita ce Inna, mahaifiyata. Takan sari ganye wajen masu lambu ta kasa a faifai, da wannan ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu. A shekarun da nake magana gwiwa ta hana ta nisa, kunnenta kuma ya yi nauyi. Tana da wani baƙin dutse mai faɗi da take zama a kai, zaman shekaru ya sa ya yi santsi har ya ɗan lotsa a tsakiya. Na sha kawo mata kujera, ta ce in kai wa amaryata. In kasuwar ta tashi, babbar kasuwar Sabon Gari ta fi ƙarfin ƙafarta. Ba yunwa nake jiye mata ba, ai ina nan. Amma Inna ba mace ce da za a ajiye a ɗaki ana miƙo mata tuwo ta rayu ba.

Wata rana mai unguwa ya tara mu a ƙofar masallaci. Ya ce masu manyan motoci na neman filin tasha, sun kai maganar gaba cewa kasuwarmu ƙazanta ce da ƙuda. Wani Bature zai zo ya gani da idonsa ya yanke hukunci, kuma tare da duba-gari zai zo.

Da jin an ambaci duba-gari, kowa ya san abin yi. Yaran yanzu ba su san shi ba. Ma'aikacin tsabta ne mai kaki, yakan shiga gida-gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ruwa ka shiga uku. Don haka da an ce ga shi nan, sai a zubar da ruwan randa, a kife tukwane, a kora awaki gidan maƙwabta, a cusa tsumma ƙarƙashin gado. Abin da bai gani ba, ba zai kama ka da shi ba. Da wannan dabara muka tashi, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Sai wani dattijo ya ce to me zai hana a yi wa kasuwa yadda ake yi wa gida? Wallahi ko mutum ɗaya bai yi musu ba, har aka sa masa albarka.

Ban taɓa ganin gayya irin ta jajiberin zuwan Baturen ba. Maza da fatanya da shebur, tsofaffin mata da tsintsiya, matan aure suna aiko da fura da ɗanwake daga cikin gida. Labari ya kai Sabon Gari, sai ga wani kafinta Ibo da buhun farar ƙasa, ya ce matarsa ta rantse ba za ta dafa miya da ganyen wata kasuwa ba. Matan Yarbawa suka ɗaura ɗamara suka shiga shara. Makaɗa suka zo ba wanda ya kira su. Aka kwance rumfunan zana aka rarraba gidaje, ni ma na kinkimi kekena na kai ɗaki. Aka cike ramuka, aka yayyafa ruwa. Duk dutsen da aka samu a filin aka mirgina shi bakin hanya, aka jera, aka shafe da farar ƙasa kamar a bariki. Aka aika wa masu lambu kada wanda ya zo gobe, aka kuma sa samari su tsare hanyoyi su mayar da duk mai jaki ko mai kwando.

Na gaya wa Inna da ƙarfi, ta ce to. Haka take ce wa duk maganar da ba ta ji ba.

Da safe muna jere cikin manyan riguna, sai ga ta ta fito da faifan yakuwa a ka, tana ɗingishi. Ta tsaya tana waige-waige. Da ba ta ga dutsenta ba, ta zauna a ƙasa a tsakiyar filin ta fara kasa ganye. A daidai nan aka jiyo ƙarar mota. Wasu maƙwabtanmu mata biyu suka ruga suka kama ta, ɗaya dama ɗaya hagu, suka yi zauren gidanmu da ita, tana ta tambaya, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Baturen ya fito, duba-gari da tafinta na bin sa. Ya zaga filin, ya dubi fararen duwatsu, ya dube mu. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Yana tambaya, ina kasuwar?"

Mai unguwa ya gyara rawani, fuska cike da fara'a. "Ga ta nan, ranka ya daɗe."

"Ina masu sayarwa?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Ko ƙuda ɗaya babu."

Baturen ya gyaɗa kai ya yi dogon bayani. Tafinta ya juyo gare mu. Ya ce, wai an gaya wa Baturen akwai kasuwar da ke ciyar da Fagge da Sabon Gari, ya zo ne da niyyar in ya tarar da ita cike da jama'a ya bar ta, a nema wa motoci wani wuri. Tun da fili ne babu kowa, magana ta zo da sauƙi. Wai kuma yana godiya da muka share wa motoci wuri.

Dattijon da ya kawo shawarar bakinsa a buɗe, carbi ya zame daga hannunsa. Kafin mai unguwa ya haɗa kalmomi ya ce ai kasuwar tana nan, ɓoye ta muka yi, mota ta tashi. Duba-gari, wanda ɗan Fagge ne, mun san iyayensa, ya tsaya baya yana kallonmu kamar bai taɓa ganinmu ba. Ya ce wa mai unguwa, "Baba, me kuka yi haka? Ni da na kwana ina addu'a ya tarar da ita a cike!"

An je an yi bayani, an sake komawa, ba abin da ya canza. Ba a jima ba aka kafa turaku a filin.

Ranar da aka kafa su, da la'asar na nemi Inna a gida na rasa. Na same ta a bakin hanya, a sunkuye, tana bin fararen duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya tana shafa kansu da tafin hannu. Duk sun zama iri ɗaya a ido. Na tsaya ina kallonta. Can wajen ƙarshen jerin ta tsaya, ta sake shafawa, ta ɗago ta dube ni.

"Ɗauko mini," ta ce.

Na kai shi ƙofar zaurenmu. Washegari da asuba ta zauna a kai, farar ƙasa ta ɓata mata zane, ba ta ko kakkaɓe ba. Wani mai lambu da ya zo ya tarar da turaku ya rasa inda zai nufa, sai ya hango ta, ya karkato da jakinsa. Maƙwabcinmu ya shimfiɗa wa mai lambu na biyu tabarma a ƙofarsa. Liman ya ce a yi amfani da inuwar katangarsa. Gida-gida aka riƙa buɗe zaure, har lungunmu ya cika da ganye daga wannan baki zuwa wancan. Matan Sabon Gari suka bi sawun jakuna suka same mu, suna ƙorafin matsi suna saye.

Bayan 'yan makonni, ana tsakiyar ciniki, wani ya leƙo daga bakin lungu ya ce ga duba-gari nan. Kafin ka ce me, hannuwa sun kai kan kwanduna, wata ta fara naɗe tabarma, ni kaina na miƙe zan ja kekena ciki. Inna ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga yadda muke yi, ta gane. Ta buga faifai a ƙasa, da muryar nan ta mai nauyin kunne da ake ji har masallaci.

"Kowa ya zauna inda yake! Ku bar shi ya gan mu!"

Muka zauna.