Waken da Na Yi Wa Gadi

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, wawan wannan labari ni ne. Amma wawa mai hujja, don har gobe ban gama wanke Ladi daga zargi ba.

A Makera muka tashi, gidan haya mai ɗaki-ɗaki, zamanin da jiniyar masaƙun Kakuri ce agogon unguwa. Kakata, Iya Abu, ita ke da murhun da ke bakin rijiya. Da an idar da sallar magariba, ta sauke tuwo, sai yaran gidan mu kewaye sauran garwashin. Har da Ladi, 'yar Baba Yohanna mai aiki a masaƙa, wadda ta girme ni kaɗan, ta kuma fi ni baki nesa ba kusa ba.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta gwada mu. Tana da wani gora da take adana iri cikin toka saboda ƙwari. Sai ta ce ka rufe ido, ta ɗora maka ƙwaya a tafi, ka murza ka faɗi sunanta. Kuɓewa mulmulalliya ce, yakuwa na da kusurwa, kabewa kuwa falan-falan. Ladi ba ta taɓa kuskure ba, abin da ya sa na tabbata tana leƙe ta ƙasan ido.

Da ruwan farko ya sauka, Iya ta raba mana wake da gwangwanayen madara da ta huda wa gindi. Ta ce wanda nasa ya fara fitowa, shi zai riƙa zama jikin ƙafarta har ƙarshen damina, kuma ƙanzon tukunya nasa ne. Wurin nan nawa ne tun da na iya zama, don Iya "maigidana" take ce mini. Ga shi an saka kujerata a caca.

Muka jera gwangwanayen a gindin katanga. Nawa na kusa da na Ladi, kuma ban yarda da wannan maƙwabtaka ba. Kullum da sassafe sai in lallaɓa in tona da tsinke, in ga ko wakena na nan. Wata safiya na tarar ya kumbura, ya tsage, ga wani farin abu ya leƙo. Na ce shi ke nan, Ladi ta saka mini tsutsa. Na sa farce na tsinke mugun abin, na mayar da waken na binne, ina jin kaina jarumi.

Da yammar ranar Iya ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi." Wai an yi wani mutum da ya kai wa Ƙasa ajiyar hatsinsa. Ƙasa ta ce ta karɓa, amma kada ya buɗe mata ɗaki sai ta kira shi. Mutumin ya kasa barci. Tururuwa ta raɗa masa cewa Ƙasa cin ajiya take yi. Ya je ya tona, ya ga hatsin ya fitar da farin gemu, ya ce an tsofar masa da dukiya, ya aske gemun tas. Da kaka ta yi, maƙwabta na ta ɗaurin dami, shi kuwa yana gaban alƙali yana ƙarar Ƙasa. Iya ta ƙara da cewa mutumin yana da wushirya da kunnuwa fato-fato.

Na shafa kunnena. Na tambaye ta a ina ta samo wannan tatsuniya, don ba mu taɓa jin ta ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Tsohuwa ce ƙwarai, maigidana. Da safen nan na gan ta tsugune a gindin katanga."

Waken Ladi ya fito da ganye biyu kamar yana mini gwalo. Nawa ya ruɓe. Daminar nan kaf daga bayan da'ira na ji tatsuniya, ina jin ƙarar ƙanzo a bakin wata.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na kai ajin da aka zana mana saiwa a allo, na gane gemun da na aske. Da girma ya zo kuma na lura ba wake kaɗai ake kashewa da tono ba. Na yi wa abota haka, na kusa yi wa aurena. Duk da haka, a raina, ban rufe shari'ar gwangwani ba. Wa ya ce Ladi ba ta musanya gwangwanayen ba?

Bara na tsaya sayen doya a Gonin Gora, sai ga Ladi a bayan tulin doya, kai duk furfura. Muka gaisa, muka yi wa Iya addu'a, kowa da irin tasa. Sannan na murtuke fuska na ce yau dai ta faɗi gaskiya tsakaninta da Allah, me ta yi wa wakena? Ina magana ina ɗan ƙwaƙular wata doya in ga ko cikinta lafiya.

Ta dubi hannuna, ta dube ni.

"Malam Sale, cire farcenka daga doyata. Shi ya kashe waken, kuma na ga har yau ba ka yanke shi ba."