Na Ƙi Mayar da Karatu Yamma, Aka Rufe Lakwal ɗinmu

Assalamu alaikum masu wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, yau dai na ce bari in sauke nawa, ko zuciyata ta ɗan yi sauƙi.

A lokacin ni yarinya ce 'yar Damagaram, sabuwar malamar kwantaragi, ga taurin kai ga tsoro. Aka tura ni wani ƙaramin ƙauye a bakin Komadugu, ta wajen Geskeru. Lakwal ɗin, wato makarantar, ajin zana biyu ne, mu biyu muke koyarwa, ni da darakta. Ba a jima ba daraktan ya nemi canji saboda rashin tsaro, aka ce in riƙe kafin a turo wani, kuma har na bar garin ba a turo kowa ba. Ba na jin Kanuri, ban kuma yi ƙoƙarin koya ba. In an tashi daga aji sai in shige ɗakin da bulama, wato mai garin, ya ba ni, in dafa ɗan abin da zan ci, in zauna ina sauraren hirar mata ta bayan danga ba tare da na gane ko kalma ɗaya ba. Wani lokaci sai in wuni bakina bai furta komai ba in ban da darasi da salla.

A taron farkon shekara a Diffa an faɗa mana gaskiya cewa kuɗi sun yi ƙaranci. Abincin kantin, wato wanda ake dafa wa yara a makaranta, da alli da littattafai duk bisa yawan yara za a raba, kuma ƙaramar makarantar da yaranta suka ragu, sakamakonta ya lalace, za a haɗe ta da wata. Na dawo da wannan magana a kaina kamar tulu. Ina ganin in na kuskure ko kaɗan, makaranta ta tafi, aikina ma ya bi ta.

Da farko yara suna zuwa, har zama yana yi musu wuya a kan tabarma. Sai lokacin tsinkar tattasai ya zo. Yawancin iyayen nan gudun hijira ya kawo su daga ƙetaren kogi, ba su da gona, sai dai su tsinka wa masu gona a biya su da awon tattasai. Abin da gida ya tara a 'yan watannin nan shi zai ci har damina, don haka hannun kowane yaro abinci ne. Wata tsohuwa, shugabar iyaye mata, ta zo ta same ni da Hausarta mai karyewa. Ta ce sun yi shawara, in bar musu yara da safe, su kuma sun ɗauki alkawari daga azahar zuwa gab da magariba za su kawo mini kowa, har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ta ce tattasai kaɗai suke roƙo, in ya ƙare a koma yadda aka saba.

Wallahi ban ko bari ta dire ba. Abin da nake hangowa kawai shi ne insifekta ya iso da safe ya tarar da aji a rufe, ya ce 'yar kwantaragi ta mayar da makarantar gwamnati tata. Na ce mata, “Iya, lakwal ba kasuwa ba ce da za a yi ciniki. Ƙarfe takwas doka ce.” Ta dube ni, ta ce to madam, Allah ya ba mu haƙuri, ta tafi. Ta sake dawowa bayan 'yan kwanaki, na aika aka ce mata ina aiki.

Daga nan na san abin da ake kira kaɗaici. Kullum da safe in yi wanka, in buga ƙarfen da ke rataye a bishiya, in tsaya ina jira. Wata rana 'yan ƙanana su zo, waɗanda ba su isa tsinka ba, wata rana ko kaza. In share allo, in rubuta kwanan wata, in zauna a kujera ina jin muryoyin ɗalibaina daga gonaki suna waƙa. Abin haushin, da yamma suna nan suna wasa a gindin zanar ajin, hannuwansu jajur, ni kuma ina ɗaki na ƙi fitowa don kada a ce na sauko. Na yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ɗaga waya na tambayi na gaba da ni ba, don tsoron kada ya raina ni. Da tattasai ya ƙare, da yawa ba su dawo ba, sun saba da rashin zuwa. Aka rage mana abincin kantin, wasu kuma suka ƙara janyewa. 'Yan ajin ƙarshe da suka zauna jarrabawa, in ban da ɗaya, duk suka faɗi.

Ranar da insifekta ya zo, ya duba yaran da suka rage, ni kuma har da 'yar fahariyata na ba shi labarin yadda iyaye suka matsa mini na ƙi karya doka. Ya cire tabarau, ya ce, “Malama, me ya hana ki tambaye ni?” Ya ce ƙauyuka da yawa a kwarin nan haka suke yi duk shekara da saninsa, kuma su ne yaransu ba sa watsewa. Ya ce yanzu kam ba shi da hujjar da zai kare mu da ita.

Aka haɗe mu da wata makaranta mai nisa, a kan hanyar da babu uban da zai saki ɗansa ya bi shi kaɗai. Ni aka maido ni cikin Diffa, aikina bai taɓu ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na gane cewa tsoro ne na yi wa suna bin doka. 'Yan'uwana sababbin malamai, in an kai ku ƙauye ku fita ku zauna da mutane, ku san abin da suke ci da lokacin da suke nemansa. In iyaye suka zo muku da shawara ku saurara har ƙarshe, abin da ya fi ƙarfinku ku tambayi na sama, ba a korar mutum don ya yi tambaya. Ƙananan da suka fara riƙe alli a hannuna, bana ne ya kamata su zauna jarrabawa, kuma a iya sanina babu ko ɗaya da ke cikin aji.